Wuyan Kekena Ya Hana Ni Sakat

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro.

Ni mai rarraba burodi ne a Tudun Wada, Zariya, a kan keken da na gada wurin mahaifina. Boris ɗin wuyansa, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke sa kan keke juyawa, ya yi shekara da shekaru yana aiki, sai bana ya cinye. Sau huɗu ina sa sabo, kowanne ba ya kai wata yake farfashewa.

Ranar Talata ina dawowa daga Kwangila da kaya, sai kan keken ya ƙage, ya ƙi juyawa. Na faɗi a gaban tirela, Allah ya sa direban ya taka birki.

Na koma wurin Baba Iro mai gyara. Ya shafa giris, ya ɗaure, ya ce, "Ɗana, ƙarfen yanzu gwangwani ne. Ba ni da wanda ya fi wannan."

In na ajiye keken, iyalina ba abinci. In na hau, duk kwanar da zan sha gabana faɗuwa yake.

Malam, a ba ni shawara. In akwai mai tsohon keke jingine a zaure, ko da keken ya mutu, wuyan kawai nake nema.