Ranar da Tattabarun Baban Rahila Suka Koma Gida

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe ni har na iya tsayawa a gabanku yau. Fasto, na gode da wannan dama. Idan muryata ta ƙi a hanya ku yi haƙuri, tun safe nake fama da ita.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Saratu, amma a zumuntar nan ta Hulme, a nan Manchester, kowa Maman Rahila yake ce mini. Wancan da ke zaune a wheelchair kusa da hita shi ne maigidana, Ishaya. Shekarun baya ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta tafi, sai kalma ɗaya ɗaya da yake ciro ta da ƙyar. Abin da ciwon ya bar masa shi ne tattabarunsa. Tun yana yaro a ƙauyenmu wajen Zariya yake kiwonsu a tukwane, da muka zo ƙasar nan kuma ya mai da shed ɗin bayan gidanmu, wato ɗan ɗakin katako na ajiye kaya, ɗakin tattabaru. Bayan ciwon, ba ya sa komai a baki sai ya ga sun ci.

Ni kuwa, gaskiya ɗaya ce, ba na ƙaunarsu. In dawo daga care home, inda nake aikin kula da tsofaffi, da ciwon baya, in tarar sun yi kashi a kan shanyata. Maƙwabciya ta tare ni a bakin ƙofa da ƙorafi. Sau nawa na ce masa wata rana sai na yi farfesunsu kaf, ya dube ni ya kau da kai kamar ba da shi nake ba.

Kun tuna guguwar da aka ce ta tsallako teku ta nufo mu. Gidanmu a gangare yake, kusa da kogin Mersey. Da rana ma'aikatan council, wato ƙaramar hukuma, suka bi layinmu suna ƙwanƙwasa ƙofofi, suka ce ruwa zai haura, kowa ya fita kafin yamma, akwai rest centre, wurin fakewa, a wata makaranta. Na tambayi wata mata daga cikinsu game da tsuntsaye. Ta ce kare ko kyanwa za a san yadda za a yi, amma tattabaru cike da shed ba su da wurin ajiye su. Ta ba ni haƙuri sosai, kuma ba laifinta ba ne.

Baban Rahila na jin haka ya ja sandarsa, ya je bakin shed ya zauna a kan bokiti. Na lallaɓa shi, na roƙe shi, daga baya na hau faɗa har maƙogwarona ya bushe. Na ce masa tsuntsu fa tsuntsu ne, ni ba zan mutu a ruwa saboda abin da ake sayarwa a kasuwa ba. Ko motsi bai yi ba. Mutumin nan ba na iya ɗaukarsa, kuma na san idan aka fitar da shi da ƙarfi ba zai yafe mini ba.

Sai na kira Rahila, 'yarmu tilo, wadda take aiki a Birmingham. A nan aka haife ta, Hausarta duk a karye, amma ba ta wasa da ubanta. Ta baro aiki ta kamo babbar hanyar motorway cikin wannan iska. Muka samo kwalaye, muka huhhuda su, ni ina kamawa yana nuna mini wadda za a haɗa da wadda. Da muka gama, ya sa hannunsa na hagu ya ja 'yar ƙofar da suke shiga ta sama, ya danna mata sakata don kada iska ta fizge ta. Sa'an nan ya yarda ya shiga mota.

Hanyar nan ba zan manta ta ba. Ruwa yana dukan gilashi har ba a ganin motar gaba, manyan motoci suna layi kamar za su faɗo mana, mota duk warin tattabara. Shi kuwa hannunsa yana kan kwali har muka isa Balsall Heath, unguwar Rahila a Birmingham.

To, a nan ne abin ya faru. Waɗanda suka tashi a gida sun sani, idan ka canza wa tattabara gida, sai ka ɗaure mata dogayen gashin fiffike da zare har ta saba da wurin. In ba ka yi haka ba, ranar da ta ga sama za ta koma inda ta fito, ko ina ne. Zaren ba ya mata ciwo. Muna sauka na nemi zare a wurin Rahila, na zauna a kicin ina ɗaure su, ubanta yana kallo yana gyaɗa kai.

Rahila ta shigo ta gan ni, fuskarta ta canza. Ta ce, “Mum, you can't do that, wannan mugunta ce.” Ta ce a ƙasar nan idan maƙwabta suka ga tsuntsu a ɗaure za su kira hukuma, kuma landlord ɗinta dama bai yarda da dabbobi ba. Na ce mata kakarta haka take yi, ni ma da idona na gani. Ta ce nan ba ƙauye ba ne. Maganar ta ƙona mini rai, ga gajiya, ga tunanin gidana da na baro wa ruwa. Na wurgar da zaren na ce ta yi yadda ta ga dama, ai gidanta ne. Ban zauna na faɗa mata dalilin zaren ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Da safe iska ba ta kwanta ba. Ina wanka, Rahila ta kai kwalayen 'yar tsakar gidan baya don ta canza musu takarda ta ba su ruwa. Tausayi ya sa ta yanke zaren waɗanda na riga na ɗaure. A tunaninta za su ɗan miƙe fiffike su koma kwali, kamar yadda take ganin suna shawagi su koma shed a gida. Ina fitowa na ji kaɗawar fikafikai. Suka tashi gaba ɗaya, suka yi zagaye a kan rufin gidajen, suka miƙe arewa, wajen Manchester, ainihin inda guguwar take.

Baban Rahila yana bakin taga, ya ga komai. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Rahila ta haye sama tana rusa kuka, ni na bi ta, ba don in lallashe ta ba, don in zazzage mata abin da ke cikina. Na faɗi maganganun da uwa bai kamata ta faɗa ba. Da na sauko, ƙofar gida a buɗe, sandarsa babu, rigar sanyinsa kuwa tana nan a rataye.

'Yan'uwa, mutumin da ba ya iya faɗin sunansa, da silifa a ƙafa, cikin garin da bai sani ba, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya! Muka bi layi layi, muna leƙa shaguna. Rahila tana waya da 'yan sanda, ni ina kiran sunansa a titi kamar mahaukaciya, ɗankwalina ma ban san inda ya faɗi ba. Sai can da la'asar aka kira mu daga asibiti. Wani mai shago ne ya gan shi kwance a bus stop mai nisa, jiƙe sharkaf, ya kira ambulance. Ban san sunan mutumin nan ba har yau, Allah ya sāka masa.

Sanyi ya shiga huhunsa. Suka sa masa oxygen. Da ya farfaɗo ya gan ni, ya kama hannuna ya matse, yana ta kokawa da baki har kalma ta fito. Ya ce, “Ƙofa.” Ya sake cewa, “Ƙofa.” A nan na gane. Ya san za su isa gida, ya san kuma da hannunsa ya kulle musu ƙofa. Manchester ya nufa da silifa, zai je ya buɗe.

Daga nan ya daina cin abinci. Nas ta kawo, ya rufe baki. Na dama koko a gidan Rahila na kawo a flask, ya juya fuska bango. Idan Rahila ta shigo sai ya rufe ido. Likita ya ce magani yana aiki, amma jikin da ba ya ci ba zai yi yaƙi ba, suka fara maganar sa masa roba ta hanci. Ni aikina ke nan, na daɗe ina kula da tsofaffi. Na san yadda tsoho yake idan ya juya wa bango fuska, na kuma san inda abin yake ƙarewa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na shiga banɗakin ward ɗin na kulle, na durƙusa a kan tayil. Ban yi addu'a mai tsari ba, Fasto, faɗa na yi. Na ce, “Yesu, ka bar mini rabin mutumin nan na karɓa ban ce komai ba, yanzu rabin ma za ka ɗauke saboda tsuntsaye? Ban san abin da zan yi ba. Ka nuna mini.” Na yi kuka har ƙarfina ya ƙare. Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Amma da na miƙe, zuciyata ta tsaya a kan abu ɗaya, cewa mutumin nan ya faɗa mini abin da yake so, ni kuma ina ta bin sa da koko. Na wanke fuska na fito, na ce wa Rahila ta zauna da ubanta, wayarta ta kasance a kunne.

Da aka buɗe hanya na hau jirgin ƙasa na taho. Layinmu duk laka, kowa ya fito da katifunsa da kujeru ya jibge a titi. Ruwa ya bar alama a bangon falona har ƙugu. Ban tsaya duba kaya ba, na ratsa zuwa baya. Shed yana nan a karkace, sakatar tana nan yadda ya danna ta. A ƙarƙashin 'yar ƙofar, cikin laka, ga su nan kwance. Sun iso gida lafiya daga Birmingham, suka yi ta dukan katako har iska da sanyi suka kashe su. Ni da na sha cewa zan yi farfesunsu, na zauna cikin lakar nan na yi kuka da ƙarfi, maƙwabciyar ƙorafi tana kallona ta kan shinge.

Na zare sakatar na buɗe ƙofar. Da na ɗaga kai sai na hango 'yan kaɗan a gindin bututun hayaƙin gidanmu, sun takure, gashi duk a hargitse. Na samo dawa a gwangwanin da ke saman kanta, wanda ruwa bai kai ba, na watsa a rufin shed. Suka dube ni kawai. Ba su san ni da alheri ba.

Na kira Rahila ta video, na ce ta sa wayar a gaban ubanta. Na nuna masa ƙofar a buɗe, na juya na nuna masa rufi. Ya cire abin oxygen da hannunsa. Sai na ji wani kira yana fitowa daga maƙogwaronsa, ƙasa ƙasa, irin wanda yake musu idan zai ba su hatsi. Na ƙure ƙarar wayar na ɗaga ta sama. Ɗaya ta karkata kai, ta sauko. Sauran suka biyo ta, suka hau cin dawar, daga baya suka shige ta ƙofar ɗaya bayan ɗaya.

Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, “Sauran?”

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani. Na ce, “Baban Rahila, sun iso gida, amma sun mutu.” Hawaye ya bi gefen fuskarsa da ya shanye. Ina jin Rahila tana cewa, “Baba, I'm sorry, ka yafe mini,” tana ta maimaitawa. Wayar ta kife a kan bargo, na daina ganin komai, sai ƙarar buɗe flask da na ji. Can Rahila ta ɗaga wayar, cokali a hannunta. Ta ce, “Mama, ya karɓa. Yana ci.”

Ba zan ce muku komai ya dawo daidai ba. Gidan har yanzu ana busar da shi, muna wani ɗan flat da council suka ba mu. Ƙafar da yake takawa da ita ta tafi, ba zai ƙara riƙe sanda ba. Ni ce nake hawa bas da safe in je in ba tattabarun da suka rage hatsi. Maganganun da na faɗa wa 'yata a ranar nan, har yanzu suna tsakaninmu, ku sa mu a addu'a.

Amma na shirya zama gwauruwa a ward ɗin nan, ga shi yau mijina yana zaune cikinku yana numfashi da kansa. Na gode wa Yesu. Duk wanda ƙarfinsa ya ƙare a cikinku, ya durƙusa inda yake ya faɗa masa, ko da faɗa ne, yana ji. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.