Ɗan Taurin Kasuwar Kurfi

Matata takan ce kunnena ya fi hannuna aiki, kuma ban musa ba. Ina jiran mota a tashar Dutsin-Ma, sai wani dattijo ya dubi wani mai keken guragu.

"Malam, an ce sukar wuƙa ce? Da zamaninmu ne, ina! Na ga Sodangi ɗan tauri a kasuwar Kurfi, yana gurza wuƙa a cikinsa tana lanƙwashewa. Irin maganinsa nake nema wa ɗana."

"An sha kiɗa lokacin, Alhaji. Amma tawa ta baya ta zo. Tsininta ya kurɗa tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya, ya yanke laka, ƙafafu suka mutu."

"Ai Sodangi ko ta baya ba ta kama shi."

Da direba ya zo ɗaga mai keken, sai na ji ya ce masa, "Sannu, Baba Sodangi."