Labarin Wada Daga Indiya

A bakin gulbin Sabon Birni ana jiran jirgin fito, sai tsoho Yari ya matsa kusa da wani sojan da ya komo daga yaƙin Bama.

"Samari, ko ka san Wada na Tsamaye? Ɗana ne. Tun da ya tahi ba labari."

"Wada dogo? Lahiya lau, baba! Shina Indiya, jiran jirgi."

Yari ya ƙara matsowa kusa da shi.

"Mi ya hana shi aiko da saƙo?"

"Kurket. Wasan ƙwallo da katako ne, garuruwa ke karawa, shi ko ba ya barin kallo. Ya ce da ba a tashi, cin da ake ƙirgawa ba shi da iyaka. Malaminmu na lissahi ya ce ko cikin marasa iyaka wani ya hi wani yawa. Wada ya ce ƙarya."

"Wada yaro ne. Zullumina ba shi da iyaka, na uwarshi Saude ba shi da iyaka, amma nata ya hi nawa."

"Baba, ga jirgi."

"Shiga, Allah shi yi ma albarka. Ni gida za ni. Yau Saude za ta ci tuwo."