Lambar Motar Ta Fito Tar

A bencin jira na shagon gyaran kyamara, wani mutum ya juya wajen dattijon da ke gefensa.

"Baba, ka san harkar nan? Kyamara mai gilashin jabu suka sayar mini. Duk hotunan dishi-dishi suka fito."

"Shekara talatin ina ɗaukar hoto. Miƙo in gani." Dattijon ya yi ta latsawa yana dubawa. "Wace ce wannan?"

"Mahaifiyata ce. Ranar da na kai mata sabuwar motata ta sa albarka."

"Gilashinka lafiya lau yake, ɗana. Ka ga ɗan akwatin nan da ke fitowa in ka leƙa? Inda ka ɗora shi nan kyamara take kafa ido, sauran duk ya dushe. Duba, lambar motar ta fito tar, har zanen taya ana gani."

"To ai kuskure ne, hoto ɗaya..."

"Sha huɗu na ƙirga, kuma duk a kan motar ka ɗora. Ba komai, kowa da haka ya fara. Ka koma ka sake ɗaukar mahaifiyar taka, ka sa akwatin a kan idonta."

Mutumin ya karɓi kyamarar yana murza igiyarta.

"Wata biyu ke nan da rasuwarta, Baba. Ƙannena ne ke neman hoton da za mu rataya a falo."

"Allah ya jiƙanta."

Mai gyara ya leƙo. "Saura wa?"

"Shiga, Baba," in ji mutumin, kansa a sunkuye. "Tawa ba ta lalace ba."