Kotu a Tsakar Gida

A tashar mota, wata bas cike da ɗalibai ta wuce ta gaban mutum biyu da ke jira a benci ɗaya.

"Yawo kuma," in ji dattijon cikinsu. "Da an bar su a aji."

"Kai dai bari, Baba," in ji ɗayan. "'Yata ta sakandare kotu aka kai su ziyara. Tun ranar ban isa in hukunta yaro a gidana ba."

"Ita ta hana ka?"

"Shekaranjiya na tarar da madubi a fashe, ƙaninta tsaye a kansa. Na ɗauko bulala, ta sha gabana, wai ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin wanda ake tuhuma. Ta zaunar da ni, ta kira uwarta shaida."

"Ka kuma zauna?"

"Na zauna mana. Ashe kyanwa ce ta ture shi."

"Da tawa ce, da ta gama zuwa irin wannan yawon."

"Wa? Jibi asibiti za su, ni zan kai ta bakin mota." Ya gyara zama. "Ai da ka ji yadda take jero tambayoyi, Baba. Ban san sanda na ce mata ranki ya daɗe ba."