Laulayin da Ba na Ciki Ba

Iyayena mata da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni da ƙafafuna a falon nan yau. Ga baƙi, sunana Saratu. Sauran kuwa kun san ni, amma akwai abin da na ɓoye muku wata da watanni, shi na tashi in faɗa.

Shekara uku ke nan da na biyo maigidana New York. Shi yana karatu a jami'a, ni ina hawa na biyar na wani bene a unguwar Bronx ina gadin tukwane. A sanyin bara tari ya kama ni. Na ce mura ce, na yi ta dafa citta da zuma. Ranar da maigida ya ga jini a hankicina ya ce gardama ta ƙare, sai asibiti. Suka ɗauki hoton ƙirjina, suka gwada kakina, likita ya ce tibi ne.

Tarin fuka! Ni na san ciwon nan tun ina ƙarama, domin shi ya ɗauke mahaifiyata a ƙauyenmu, can ƙasar Bauchi. Kafin ta rasu an ware mata kwano da moɗa, an mayar da ita ɗakin ƙarshen gida. Masu zuwa dubiya daga tsakar gida suke ɗaga murya su gaishe ta, har matan majami'armu. Abin nan bai taɓa fita raina ba.

Muna cikin jirgin ƙasa za mu koma gida na ce wa maigida, "Ka yi mini alkawari ba wanda zai ji."

Ya ce, "Saratu, ko Mama Hannatu? Ai nas ce, kuma ita ce uwarmu a garin nan."

Na ce, "Ita ce ma ta farko da ba na so ta ji. Idan ka faɗa, ka nema mini tikitin gida."

Kun san ni da taurin kai. Dole ya bar ni.

An ba ni magani iri biyu, farar ƙwaya da wani jan kafso. Likita ya faɗa mini abu biyu. Na ɗaya, jan zai sauya launin fitsarina, kada in tsorata. Na biyu, idan na ji tashin zuciya, ko abinci ya fita raina, in dawo nan da nan, domin maganin yakan taɓa hantar wasu. Na riƙe na farkon, na watsar da na biyun. Na juye ƙwayoyin cikin gwangwanin shayi na tura bayan buhun shinkafa. Makonnin da ba ku gan ni a taron zumuntar mata ba, ina jira ne likita ya ce ba zan shafa wa kowa ba. Ku kuwa na ce muku mura ce ta ƙi sakina.

A wata na uku tari ya tafi, sai wani abu ya zo. Warin albasa a mai ya fara tayar mini da zuciya. Kasala ta rufe ni. Wata ya wuce ban ga abin da mata ke gani ba.

Wasunku suna nan ranar da abin ya fito. A gidan Mama Hannatu muka taru, ta buɗe tukunyar miyar kuka, ƙamshin daddawa ya bugi hancina, na ruga banɗaki. Da na fito, sai na tarar kowacce tana murmushi tana kallon ƙasa. Ba wadda ta tambaye ni komai, tunda a wajenmu ba a kiran sunan cikin fari. Mama dai ta jawo mini kujera ta ce, "Zauna, 'yata. Daga yau ba ke ba ɗaukar tukunya."

'Yan'uwa, shekara shida ina aure ban taɓa ko ɓari ba. Kowace wasiƙa daga gida sai ta ƙare da tambayar ko akwai labari. Da na ga murmushin nan, zuciyata ta kama shi da hannu biyu. Can ƙasan raina maganar likita tana motsi, na danne ta.

Kuka yi ta kawo mini lemon tsami da kunun tsamiya. Wata ta hau jirgi har unguwar Harlem ta nemo mini yakuwa. Na ci, na yi godiya, na yi ta sunkuyar da kai irin na mai kunya. Kowace safiya kuma in haɗiye ƙwayoyina.

Ranar karɓar magani wata nas a asibitin ta tambaye ni ko ina amai, ko ina cin abinci sosai. Na dube ta na ce lafiya lau. Tsoro nake ji kada su gwada ni su ce babu ciki. Na gwammace in riƙe farin cikina ko da na mako guda ne.

Daga nan jiki ya rikice. Fitsari ya koma kamar baƙin shayi, na ce ai likita ya faɗa. Ƙaiƙayi ya hana ni sakat. Ƙarƙashin haƙarƙarina na dama ya yi nauyi, ko zani ba na iya ɗaurawa sosai. Sai in ɗora ruwa a wuta in manta me zan dafa. Maigida ya roƙe ni mu koma asibiti, na daka masa tsawa, "Ku maza me kuka sani a kan laulayi?" Allah ya gafarta mini, mutumin nan ya sha wuya a hannuna.

Wata ranar Alhamis da azahar Mama Hannatu ta taso daga aiki ta biyo da kunu a fulas. Na rufe labule, ina kwance. Ta yaye labulen, ta jawo ni gaban taga, ta ja fatar idona ƙasa da yatsa. Na ga fuskarta ta sauya.

Ta ce, "Saratu, wannan ba laulayi ba ne. Idonki ya yi rawaya, shawara ce. Wane magani kike sha?"

Na ce, "Ba na shan komai, Mama."

"Ko na gida? Ko saiwa aka aiko miki?"

"Babu."

Ba ta yi faɗa ba. Sai ta durƙusa a kan leda da fararen kayan aikinta, ta kama hannuwana, ta ce, "Ya Ubangiji Yesu, ni ban san abin da ke cin 'yar nan ba, kai ka sani. Idan akwai abin da ta rufe, ka buɗe shi yau, kada ya kashe mini ita a ƙasar mutane."

Wayyo, 'yan'uwa! A lokacin na gane mutuwa nake yi, kuma da hannuna nake taya ta. Kuka ya ƙwace mini, na ce, "Yesu, na gaji da ɓoyo, ka cece ni!" Na rarrafa kicin na jawo gwangwanin na zube shi a gabanta. Na ce, "Tibi gare ni, Mama."

Na rufe ido ina jiran ta ja da baya. Sai na ji ta rungume ni, tana cewa, "Haba 'yata, haba Saratu! Wannan kika ɗauka ke kaɗai?" Ita ta sa mini kwat, ta sauko da ni hawa biyar ina rataye a kafaɗarta, ta tare tasi.

A asibiti suka ɗebi jini, suka ce hantata ta kumbura, ta kusa daina aiki. Nan take suka hana ni ƙwayoyin duka, suka sa mini ƙarin ruwa. Akwai kwanakin da ban san inda kaina yake ba. An ce har na kira maigida da sunan yayana. Likita ya gaya masa da na ƙara 'yan kwanaki ina sha, da sai dai a aika waya gida da labarin rasuwa.

Da na farfaɗo, tambayar farko da na yi ita ce cikin. Mama ce ta faɗa mini, tana riƙe da hannuna. Babu ciki, ba a taɓa yin sa ba.

Ba zan yi muku ƙarya a gaban Allah ba, wannan ya fi ciwon zafi. Na juya fuskata bango, kwana biyu na ƙi yin addu'a. Da na buɗe baki, na ce wa Ubangiji, me ya sa ka bar ni na yi murna? Bai ba ni amsa ba, amma kowace safiya gwajin jini yana gyaruwa, har rawayar ta fara washewa. Na ji kunya, ina fushi da shi yana warkar da ni.

Yanzu an sauya mini magani, allura nake karɓa da wata ƙwaya dabam, kuma ana duba jinina a kai a kai. Tibin bai gama fita ba, da sauran watanni. Wani lokaci idan na yi tari gabana yakan faɗi.

Ku gafarta mini, iyayena. Na ci abincinku a kan ƙarya, na kuma zarge ku a zuciyata da abin da ba ku yi mini ba. Idan akwai mai shan maganin nan a cikinmu, kada ta bari don ta ji labarina, shi ya raba ni da aman jini. Amma in jiki ya sauya, ta koma wurin likita a ranar, ta faɗi gaskiya. Wadda kuma ta ƙulle wani abu a ranta don tsoron bakin mutane, ta kai wa Yesu, ta dogara gare shi, ta nemi 'yar'uwa guda ta gaya mata.

Na gode wa Ubangiji, na gode masa! Bayana babu goyo har yau, kuma ban daina roƙo ba. Amma ya bar mini ran da zan roƙa da shi. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.