Tukunyarmu Ta Samu Gayyata

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyar 'yan Najeriya mazauna Riyad, Dokta Maiwada, wanda ya ba mu filin gidansa a nan unguwar Badi'a. Sakatare, Malam Dalhatu. Likitoci da injiniyoyi da ke kan kujeru. Direbobi da magina da ke kan tabarma. Iyayena mata da muke bayan labule tare. Barkanmu da Sallah.

Sunana Zuwaira, 'yar marigayi Ɗanbala direba. Ku yi haƙuri da muryata. An ce in yi magana a madadin yara, don ni ce Hausata ba ta gauraye da Larabci ba. Na gode da wannan girmamawa.

Da farko ina yaba wa ƙungiya kan tsari. A nan kowa ya san wurinsa. Mai kujera bai taɓa kuskuren zama a tabarma ba, mai tabarma kuwa ko kujera ta yi saura ba ya ganinta. An ce kowa ya tsaya matsayinsa ba ya ganin wulaƙanci.

Na biyu, ina yaba wa dokarmu mai cewa namiji ne mamba, mace kuwa matar mamba ce. Doka ce mai sauƙi, har ni na gane ta. Da Baba ya rasu bara, kun cika ɗakinmu a unguwar Ulaisha, kun yi kuka, kun ce mu naku ne har abada. Ashe har abada tana ƙarewa ranar sadakar arba'in.

Shekaranjiya Malam Dalhatu ya zo ya tsaya a ƙofa, ya ce wa mahaifiyata, "Hajiya Turai, wallahi ba ni ba ne, doka ce. Ba mamba, ba gayyata. Amma a taimaka mana da babbar tukunyar nan, da yarinyar."

Inna ta ce, "To Malam, tukunyar ba ta san hanyar Badi'a ba, kuma ba ta iya tuƙa kanta ba."

Ya ce, "Ai rakiya ba mamnu'u ba ce, doka ba ta hana ba."

Don haka Inna ta rako tukunya. Tun hantsi tana can bayan gidan nan tana tuƙa tuwon da kuke jin ƙamshinsa. Tana da iƙamarta ta izinin zama a ƙasar nan, tana shara a asibiti, kafilinta, Balaraben da ya tsaya mata, ya san sunanta. Ƙungiyarmu kuwa ta san tukunyarta.

An ce yau za ku ɗaga hannu kan wannan doka. Mu na bayan labule ba a ganin hannunmu, sai mu yi addu'a. Allah ya ƙara wa ƙungiya haɗin kai. Allah ya sabunta wa kowa iƙamarsa. Allah ya ja kwanan duk namijin da ke nan, ya ja shi sosai, don iyayena da ke kusa da ni su daɗe suna da wurin zama.

Tuwo ya nuna. Inna tana bakin ƙofa da shi, tana jiran a gaya mata wa zai shigo, ita ko tuwon.

Na gode.